Gilashin Gefen Baba

Motata ta girmi aurena. 'Yar Kwatano ce. Wani Bature ya ci ƙuruciyarta a can ƙasarsu, wani ɗan kasuwa ya ci abin da ya saura, ni kuma na sayi ƙashin. A takarda fara ce, a ido kuwa ta koma kalar kunun gyaɗa. Kilim ɗinta, na'urar nan mai sanyaya cikin mota, ya mutu tun kafin ta zo hannuna, kuma ban taɓa sa shi a raina ba. Gilasanta na murɗawa ne da hannu, sai in sauke su duka huɗu, iskar Allah ta shigo kyauta.

A cikinta nake ɗaukar Baba kowace safiya. Tun rasuwar Inna ya dawo gidana a unguwar Harobanda, nan Yamai, amma bai bar shagonsa na Babbar Kasuwa ba, inda shi da ƙanensa, Baffa, suke sayar da shadda da atamfa tun ban san kaina ba. Hanyarmu ɗaya ce kullum: mu fito daga unguwa, mu hau tsohuwar gada, mu ƙetare kogi, mu bi ta unguwar Maourey, in ajiye shi a ƙofar kasuwa, in wuce biro, wato ofishinmu. A ƙofar kuwa kullum Baffa na tsaye yana jira. Ya buɗe masa mota, ya kama hannunsa, su shige suna hira. Abin yana burge ni, tsofaffi biyu riƙe da hannun juna kamar yara za su makaranta.

Mun san idon Baba ya yi rauni. Yana sa tabarau mai kauri, yana riƙe sanda, in an tambaye shi ya ce, "Ina gani dishi-dishi, alhamdulillahi." Ni kuwa ban taɓa shakka ba, domin a mota ba ya barina in huta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini, amma wallahi ba a taɓa yi wa uwa faɗan da yake yi mini a kan tuƙi ba.

"Uwata, rage gudu, raƙuma a gaba."

In duba, ga su nan kuwa a kan gada, ɗauke da tabarmi, suna tafiyarsu ta isa.

"Ruwa ya ja baya sosai bana. Duwatsu sun fito."

In leƙa, haka ne. Ya gaida mai faci a bakin unguwa, ya gaida matar da ke suya a gindin gada, ya gaida wani tsohon Bazabarme mai sayar da kabewa a ƙetare, abokinsa ne na shekaru, su yi ta zolayar juna ta taga har cunkoso ya sake mu. Kowa da sunansa yake kiransa, ya tambayi mai jego, ya tambayi wanda ya je Hajji. Ni har kunya yake sa ni, ga masu mota a baya suna ta matsa oda, shi kuwa yana tambayar lafiyar jikan wani.

Sai wata bazara ta zo, irin wadda ko inuwa ba ta da amfani. Sitiyari ba ya taɓuwa sai da tsumma. Wata ranar Talata da azahar na ɗauko shi daga kasuwa, muka maƙale a tsakiyar gada, ba gaba ba baya. Na ji hirarsa ta tsaya. Da na juya, kansa ya langaɓe, hula ta zame, gumi kamar an watsa masa ruwa. Innalillahi! Na zuba masa ruwan gorata a kai, ina kiran sunan Allah, ina zagin duk wata mota da ke gabana. Kafin mu kai likita ya farfaɗo, har yana tambayar hularsa. Lokotoro, likitan da ya duba shi, ya ce hawan jini ne da zafi suka haɗu masa, kuma kada a sake barinsa cikin irin wannan rana.

Yayana yana aiki a Damagaram, amma daga can yake mulkin gidanmu ta waya. Da maraice ya kira, bai ko gama sallama ba ya yanke hukunci.

"Abu biyu ne. Ko ki gyara kilim ɗin wannan akwalar taki, ko Baba ya zauna gida. Kasuwa ta ƙare."

"Yaya, akwalar da ta shekara shida tana ɗaukar ubanka?"

"Na dai faɗa miki."

Raina ya ɓaci, amma gaskiya ya faɗa. Na je na sami Baba a kan tabarmarsa na gaya masa. Ya ja carbinsa, sannan ya ce, ba da faɗa ba, "Uwata, in za ku zaunar da ni, to ku aika wa Baffanku ya yanko likkafani tun yanzu, akwai farin yadi mai kyau a shago." Na san Baba. Ba ya barazana.

Washegari na kai motar wurin wani mai gyaran kilim a bayan Maourey, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro. Magidanci ne mai furfura a gemu, ba ya son yawan magana. Ya ɗura iskar gaz kaɗan, ya dama ruwan sabulu a gwangwani, ya bi bututu ɗaya bayan ɗaya yana shafawa yana jiran kumfa ta taso. Ya kwanta a ƙasa, ya tashi, ya tura kansa ƙarƙashin sitiyari. Ya tayar da mota ya kasa kunne, injin sanyin ya yi wani ƙara kamar ana niƙan tsakuwa.

"Madam, in gaya miki gaskiya ko in gaya miki mai daɗi?"

"Gaskiya."

"Yoyon yana can ciki, sai na kwance gaban motar nan kaf kafin in kai gare shi. Injin sanyin kuma ya gama aiki, sai a sa wani. Abin da za ki kashe ya kusa kai ki ga wata motar irin wannan. Kuma in na gyara wannan yau, gobe wani abin ne zai tashi. Tsufa ne."

Na tsaya ina kallon motar. A biro kowa ya ce in sayar. Maigidana ya ce ko mahaukaci ba zai zuba wannan dukiya a motar da ƙofarta sai an ɗaga ake rufewa ba. Amma sabuwar mota ba ta cikin lissafina a wannan shekara, kuma bazara ba za ta jira ni ba. Sai mai gyaran ya kawo shawara: zai cika mini gaz, injin zai lallaɓa, sanyi zai riƙe kwana huɗu ko biyar kafin ya tsiyaye. In ɗanɗana, in ga ko tsohon ya ji daɗi, sannan in yanke.

Kai, ranar farko na ji kaina! Na murɗe gilasai huɗu suka hau, na kunna, sanyi ya fara busowa mai ɗan warin ƙura. Hayaniyar Yamai ta koma can nesa kamar an rufe ta da murfi. Na ce a raina, ashe haka manya ke ji.

"Baba, ka ji sanyi?"

"Na ji, Uwata. Allah ya yi miki albarka."

Daga nan bai ƙara cewa uffan ba. Muka wuce mai faci, ya ɗago mana hannu, Baba bai amsa ba. Muka wuce mai suya. Muka hau gada, muka sauka. Na ɗauka daɗin sanyi ne ya kashe masa baki, har ina murmushi ni kaɗai, yau dai na huta da "rage gudu". Da na tsaya a ƙofar kasuwa bai motsa ba, hannayensa a kan sanda, sai da Baffa ya buɗe ƙofa ya yi firgigit.

Rana ta biyu muna tsakiyar Maourey ya ce, "Mun hau gada ne?"

Na yi dariya. Ni da bakina na yi dariya, Allah ya yafe mini. "Haba Baba, gada tun yaushe! Barci ka yi?"

"Wataƙila," in ji shi.

Da yamma ya ci tuwo kaɗan ya ture kwano. Na tambaye shi ko sanyin yana damun ƙafafunsa, don tsofaffinmu ba sa shiri da sanyi. Ya ce a'a, ai abin arziki na yi masa, mutum ba ya raina alheri. Na kira Yaya na ba shi labari da fahariya, na ce gyara zan yi, ko me zai ci.

Rana ta uku cunkoso ya tsayar da mu daidai tulin kabewar nan ta ƙetaren gada. Tsohon Bazabarmen ya hango motar, ya taso da fara'arsa, ya zo har jikin gilashin Baba. Ya ɗaga hannu biyu. Ina ganin bakinsa yana motsi, "Fofo, fofo," gaisuwarsu ta Zabarmanci, amma injin sanyi da rufaffen gilashi sun cinye muryar. Ya sunkuyo, fuskarsa da ta Baba babu ko taki ɗaya a tsakani. Baba kuwa fuskarsa na kallon wajen, idonsa a buɗe tar a bayan tabarau, daidai kan fuskar abokinsa na shekara arba'in. Ko gira bai ɗaga ba. Yadda mutum ke kallon bango, haka yake kallonsa.

Na ji sanyin motar ya shige ni har ƙashi.

Tsohon ya daina murmushi. Ya zagayo ta gefena ya ƙwanƙwasa, na sauke gilashi kaɗan. Ya yi ƙasa da murya, da Hausarsa mai karyewa ya ce, "Ɗiyata, buɗe masa. Kin rufe masa ido."

Na miƙa hannu ta gaban Baba na kama mamurɗin gefensa. Gilashin yana sauka, zafi ya faɗo ciki da hayaƙi da ƙarar babura da warin kogi. Na ga Baba ya ɗaga haɓa. Ya ja numfashi mai tsawo, hancinsa ya buɗe, kansa ya ɗan karkata. Ban taɓa ganin fuska ta dawo da rai haka ba, sai ka ce an yayyafa wa shuka ruwa.

"A'a!" in ji shi. "Mun ƙetare ashe. Kabewa sabuwa aka sauke, jiya ko shekaranjiya. Ina wannan tsohon banzan da ba ya gaida mutane?"

"Ga ni nan, mai tsadar yadi!" in ji Bazabarmen da ƙarfi, yana dawowa gefensa. "Kwana uku ka shiga firigon ƙanƙara ka manta da talakawa!"

Suka fashe da dariya, suka riƙe hannu ta taga. Ni kuwa hawaye ne ke zuba, ban ma san sun fara ba. Cunkoso ya saki, na ja mota a hankali, na sami gefen hanya na tsaya.

"Baba."

"Na'am, Uwata. Kin tsaya a gaban masu walda, za su cika mana kunne."

Gaban masu walda ne kuwa.

"Baba, tun yaushe?"

Ya cire tabarau ya goge shi da bakin riga, aikin da na sha ganin yana yi, ya mayar.

"Ranar sunan autarki kin sa shuɗin leshi, kin ɗaura kallabin a karkace, na ce ki gyara kika ƙi. To, wannan ce fuskarki ta ƙarshe a wurina. Bayan nan sai haske da duhu. Daga baya hasken ma ya tafi."

Auta tana da shekara huɗu a lokacin. Shekara huɗu! Ina zuba masa abinci, ina wanke masa riguna, ina zaune kusa da shi a mota har kafaɗarmu na gogar juna, ban sani ba. Kunya da tsoro da wani abin da ban san sunansa ba suka taru a kaina. Sai faɗa ya zo mini, don ni in abu ya fi ƙarfina faɗa nake yi.

"To raƙuman fa? Ruwan kogin fa? Duk ƙarya kake yi mini?"

"Subhanallahi, ni da ƙarya? Raƙumi ai tun daga nesa warinsa ke sallama, kuma in yana kan gada odar motoci takan canza, kowa na matsawa a gajarce. Ruwa kuwa masu wanki ke gaya mini. In kogi ya cika, bugun wankinsu a gindin gada yake, kamar a cikin kunnena. In ya ja baya sai su bi shi, bugun ya yi nisa, kuma a kan dutse yake sauka, ba a kan katako ba. Gada tana da gaɓa goma sha ɗaya da tayarki ke bugawa kafin a kai tsakiya. Maourey warin soyayyen kifi da man inji. Kasuwa kuwa, Uwata, ko a kabari aka wuce da ni ta ƙofarta zan san ƙanshin sabuwar shadda."

Hanyar da nake bi da idona biyu shekara da shekaru, ban san tana da gaɓoɓi ba, ban san tana da wari kashi-kashi ba. Mutumin nan ya ɗauki Yamai tun daga Harobanda har Babbar Kasuwa ya shimfiɗa ta a cikin kansa, kowace safiya yana bin ta da hanci da kunne, yana gyara inda ta canza. Ikon Allah! Ni kuwa na zo da alherina na naɗe masa ita cikin kwana uku.

"Mutanen hanya fa?"

"Su ai sun daɗe da sani. Ba ki lura su ke fara gaishe ni ba, da ƙarfi, tun motar ba ta tsaya ba? Ba wanda na gaya wa, ba kuma wanda ya taɓa ce mini komai. Baffanku yana jera mini yadi kala-kala a inda na san su, hannuna yana yin saura."

Na tuna mai faci da yadda yake kwarara sallama kamar mai kiran salla, ni ina cewa a raina mutumin nan ya cika kwakwazo. Na tuna hannun Baffa a ƙofar kasuwa. Rabin gari ya taru ya rufa wa ubana asiri, ni da ke gida ɗaya da shi aka bari a baya.

"Me ya sa ni ba ka gaya mini ba?"

"Ke? Da kin sani da safe, kafin azahar Damagaram ta sani. Bakinki ba ya riƙe ruwa, haka mai sunanki take." Ya yi 'yar dariya, sannan dariyar ta ɗauke. "In yayanki ya ji, zai zaunar da ni, don yana sona. Ni kuwa ban gama ba."

A daren nan ban kira kowa ba, karo na farko a rayuwata. Na juya abin ta kowace fuska. In ban gyara kilim ba, Yaya zai zaunar da shi, kuma zafin ma zai iya kashe shi a kan gada. In na gyara na rufe gilashi, na sa shi a akwati da ransa. Da gari ya waye na kai motar gindin dogon yaro na ce a kwance ta.

Kwana shida ta yi a can, muna hawan taksi. Abin da ta ci ba na son tunawa, awarwarona na aure dai ba su dawo daga wannan tafiya ba. Ranar da na je ɗauka, mai gyaran ya kunna mini da alfahari, sanyi kamar na randa sabuwa. Ya ja mini kunne: "Madam, sharaɗi ɗaya. In kin kunna, gilashi a rufe ruf. In ba haka ba kin kashe injin, kin ƙona mai a banza." Na ce to.

Washegari muka biyo ta gabansa da Baba. Kilim a kunne har ƙarshe, na karkata duk hancinan iskar suna busa ƙirjin Baba da ƙafafunsa, gilasai uku a rufe, na gefen Baba a sauke har ƙasa, gwiwar hannunsa a waje. Mai gyaran ya miƙe tsaye ya ɗora hannu biyu a ka.

"Madam! Yamai gaba ɗaya za ki sanyaya?"

"Kuɗinka ne?" na ce masa, na wuce.

Baba ya yi ta dariya har da tari. A biro ma an yi ta yi da ni, maigidana ya ce aikin gwamnati ya taɓa mini kai. Na bar su.

Da ƙaramar salla Yaya ya zo. Ya ce shi ma zai raka mu kasuwa ya ga gyaran da idonsa. Ya zauna a baya, ya ji sanyi, ya gyaɗa kai, sannan ya ga tagar.

"Wannan kuma wane irin shirme ne? Baba, a rufe gilashin mana."

"Bar shi, ina gaisawa da mutane."

Muka taho. Mai faci ya kwarara sallamarsa, Baba ya amsa da sunansa. Mai suya ta ɗaga murya, Baba ya tambayi ƙafarta. A kan gada ya ce, "Uwata, rage gudu, raƙuma," ga su kuwa guda uku. Ya juya baya ya ce wa Yaya, "Dubi yadda ruwa ya ja, rabonka da ganin duwatsun nan an daɗe." Yaya ya leƙa ya ce, "Wallahi kuwa." A ƙofar kasuwa Baffa ya kama hannun ɗan'uwansa suka shige. Yaya ya bi su da kallo, ya sauke ajiyar zuciya.

"Alhamdulillahi. Ni da nake tsoron idon nan nasa. Ashe da sauƙi."

Na ce, "Da sauƙi." Na riƙe bakina, ni ɗin nan da ba na riƙe ruwa.

Bazara uku Baba ya ƙara yi yana zuwa kasuwa a haka, sanyi a ƙirji, gari a fuska. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, da safen ya je shago, ya sayar da shadda, ya dawo ya yi la'asar. Farin yadin nan mai kyau da ya taɓa ambata, shi Baffa ya yanko.

Motar tana nan, kilim ɗin ma yana aiki, abin mamaki. Kwanakin baya cunkoso ya tsayar da ni a ƙetaren gada, ni kaɗai. Na miƙa hannu na sauke gilashin gefensa, na ja birki, na rufe idona. Na ce bari in gwada ko sau ɗaya, in ga abin da yake gani. Na kasa kunne iya ƙarfina, na ja numfashi kamar yadda yake ja. Hayaniya kawai na ji, da hayaƙi. Ban san inda kogi yake ba, ban san inda kasuwa take ba.

Sai wata murya ta taso daga dama, da ƙarfi, tun daga nesa, yadda suka saba yi masa.

"Fofo, ɗiyar mai tsadar yadi!"

Na amsa masa da sunansa kafin in buɗe ido.